Gargaɗi: Korona Tana Nan, Kuma Asibitocinmu Ba Za Su Iya Ɗaukar Mu Duka Ba

Jama'ar Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Bauchi, Gombe, Sakkwato da duk inda wannan saƙo ya isa, a tsaya a saurara. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman dattawan gida.

Gwamnatin tarayya ta sanar da buɗe hanyoyin da ke tsakanin jihohi daga ranar 1 ga Yulin 2020. A lokacin kasuwanni sun riga sun cika, tashoshin mota suna shirin bin baya, Babbar Sallah kuma saura wata guda. Wasu sun ɗauka annoba ta wuce ke nan. Wasu sun ce ai dama can ba ta zo ba. Dukkansu sun yi kuskure, kuma kuskure ne da ake biya da rai. Yunwa da tsayawar sana'a ne suka tilasta sassauci, cutar ba ta je ko'ina ba. Ranar 27 ga Fabrairu mutum ɗaya tak aka sani yana ɗauke da ita a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Zuwa ƙarshen Yunin 2020 waɗanda gwaji ya tabbatar sun haura 25,000, waɗanda suka rasu sun haura 500. Wannan kuwa lissafin waɗanda aka gwada ne kaɗai, a ƙasar da gwajin bai isa ko'ina ba.

Abin da ya faru a Kano

Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano. Kafin mako biyu masu haƙa kabari suka fara kokawa cewa aiki ya fi ƙarfinsu. A maƙabartar Abbatuwa da ta Ɗandolo da sauransu, kafin a rufe wannan an kawo wancan. Birni ya rasa farfesoshi, malaman zaure, 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata cikin 'yan kwanaki. A daidai lokacin ne ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar, ya rufe na kwanaki saboda wasu ma'aikatansa sun kamu kuma kayan gwaji sun yi ƙaranci. Mutane suna mutuwa, babu mai gwada su. Gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini, ciwon sukari, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu.

Ranar 8 ga Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar bin gidajen mamatan ana tambayar iyalansu abin da suka gani. An ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Lokacin da abin ya yi tsanani ana rasa mutum 43 a rana. Kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, in ji shi, korona ce ta kashe su ko kuma ta tayar musu da ciwon da suke fama da shi. Fiye da rabinsu a gida suka cika. Gwamnatin Kano ta ce adadin da korona ta kashe bai kai haka ba. A bar hukumomi su yi ta jayayyarsu. Tambayar da kowane Bakano zai iya amsa wa kansa ita ce: hawan jini da ciwon sukari a 2020 suka fara? Zafin watan Afrilu a 2020 ya fara? Me ya sa a 2019 ba a yi layi a maƙabarta ba?

Rashin yardar jama'a yana da tushe

Kada wani ya zagi talaka don ya ƙi gaskata hukuma. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da aka sa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kuma sai a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya.

A lokacin korona ma an ba jama'a dalilin shakka. An kulle mai facin taya da mai tura ruwa a gida, tallafin da aka yi ta shela a rediyo bai isa ƙofar mafi yawansu ba. An hana talaka jam'i, amma da aka zo jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a Abuja kowa ya ga cunkoson manya a talabijin, har sai da kwamitin shugaban ƙasa kan korona ya ba da haƙuri. An yi ta jin biliyoyin gudummawa, ba a ji bayanin yadda aka kashe su ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a tuna inda shakka ta taɓa kai mu. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Kafin a dawo da ita a 2004 cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Waɗanda suka yaɗa jita-jitar suna tafiya da ƙafafunsu, yaran da suka shanye kuwa 'ya'yan talakawa ne, kuma har gobe suna jan jiki a titunanmu. Fushinka da gwamnati haƙƙinka ne. Huhun mahaifinka kuwa ba na gwamnati ba ne.

Amsa ga abin da ake faɗa a majalisa

Ana cewa ciwon masu kuɗi ne. Masu hawa jirgi ne suka fara kwaso ta, shi ya sa sunayen farko da aka ji na manya ne: Gwamna Bala Mohammed na Bauchi, Nasir El-Rufa'i, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Abba Kyari da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, tsohon Gwamna Abiola Ajimobi na Oyo da ya rasu ranar 25 ga Yuni. Amma mai kuɗi yana da direba, yana da mai gadi, yana da mai aikin gida, su kuma unguwanninmu suke kwana. Almajiran da aka mayar jihohinsu aka gwada aka samu da dama suna ɗauke da ita, a wane jirgi suka hau? Bambancin kawai shi ne in babba ya mutu jarida ta buga sunan ciwonsa, in talaka ya mutu sai a ce gajeriyar rashin lafiya.

Ana cewa zafin ranarmu zai kashe ta. A tsakiyar bazara ta yi ɓarnarta a Kano. Ta shiga Saudiyya, Masar, Indiya da Sudan, inda rana ba ta san wasa ba. A Jamhuriyar Nijar ta kashe Ministan Ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ranar 3 ga Mayu, a lokacin da Yamai ke tafasa.

Ana cewa kuɗi kawai gwamnoni ke nema. In akwai wanda ya ci kuɗin korona, a bincike shi, a hukunta shi. Amma Saudiyya ta dakatar da Umara, ta kuma sanar ranar 22 ga Yuni cewa Hajjin 2020 na mazauna ƙasar ne kaɗai. Kujeru 95,000 na Najeriya sun tafi a banza. Wane gwamna ne ya isa ya sa a rufe ƙofar Harami don ya samu kasonsa?

Ana cewa ni dai ban taɓa ganin mai ita ba. Ka gan shi, wataƙila ma kun yi musafaha. Kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa wuce ɗan zazzaɓi, tari da kasala, wasu ko ciwon kai ba sa yi. Da aka ga hotunan waɗanda aka killace suna yawo garau, sai aka ce ai ga shi nan, ƙarya ce. Alhali haɗarin ke nan. Cutar tana iya kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin ta nuna alama, kuma mutum yana iya harbin wani tun bai san yana da ita ba. Saurayi ya kwaso ta a wurin kallon ƙwallo ko cikin A-daidaita-sahu, ya shiga ɗakin kakarsa gaisuwa, shi ya warke bai ma sani ba, ita a kai ta makwanci bayan mako biyu.

Ana cewa maleriya ce kawai. In damina ta sauka sauro yakan dawo, kuma farkon ciwukan biyu yana kama da juna. Sai dai busasshen tari, ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗanon abinci, da numfashi sama-sama, ba halin zazzaɓin cizon sauro ba ne a wurin babba. Kuma mutum ɗaya yana iya ɗaukar duka biyun a lokaci guda.

Halin da asibiti yake ciki

Nan ne zuciyar wannan gargaɗi. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan 15 cikin kowane 100 da cutar ta kwantar suna buƙatar iskar oksijin, kusan 5 kuma sai an kai su sashen kulawa ta musamman. A ce ma rabin haka ne a wurinmu tunda yawancinmu matasa ne. In mutum 10,000 suka kamu a lokaci ɗaya a birnin da ke da miliyoyin jama'a, ana maganar gado 1,000 ke nan, mafi yawansu da tukunyar iska a gefe. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan tashi daga gado cikin kwana uku ko huɗu. Wanda korona ta kama wa huhu yakan riƙe gadon mako biyu ko fiye, yana shan iska dare da rana. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san yadda ake neman gado a ranar da babu annoba, ya san yadda ake rubuto masa safar hannu da ruwan ƙari ya je ya sayo, ya san abin da ke faruwa in an ɗauke wuta.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Kasafin tarayya na 2020 bai ba ta ko kashi 5 ba. Shekara da shekaru, har zuwa 2020, Naira 5,000 aka riƙa ba likita a wata a matsayin alawus na haɗari. A farkon Yuni hukumar NCDC ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu. A Kano kaɗai ƙungiyar likitoci ta ce tun farkon Mayu mambobinta fiye da 30 sun kamu. A Katsina, wanda cutar ta fara kashewa likita ne a Daura. Ranar 15 ga Yuni likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki na kusan mako guda, kuma rashin kayan kariya na cikin manyan koke-kokensu. A Gombe, waɗanda aka killace a Kwadon sun fito a farkon Mayu sun tare hanyar Biu suna kukan rashin abinci da rashin kulawa.

A Kano an buɗe cibiyoyin killacewa a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha da Giginyu, an ƙara ɗakunan gwaji, kuma ɗaruruwa sun warke an sallame su. Wannan ci gaba ne. Amma gini ba ya jinya. Kowane likita ko nas da ya kamu, an rasa hannunsa na makonni, an kuma killace abokan aikinsa. A watan Afrilu asibitocin kuɗi da yawa a Kano sun rufe ƙofa don tsoro, na gwamnati suka rage karɓar marasa lafiya. Mai naƙuda, mai wankin ƙoda, yaron da ke jijjiga, wanda mota ta kaɗe, duk sun sha yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Idan asibiti ya durƙushe, har wanda bai taɓa kamuwa da korona ba korona ce za ta yi sanadinsa.

Saboda haka wanda ya ce asibitinmu ba shi da kirki ya kawo babbar hujjar da za ta sa ya kiyaye kansa. Italiya da Amurka, da duk kuɗinsu da na'urorinsu, sai da gadaje suka ƙare musu a wasu biranen. Mu abin da muka mallaka shi ne riga-kafi.

Addini bai hana kiyayewa ba

Kowa ya yi imani cewa babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Sahabbai sun fi mu sanin haka. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta faɗa wa Sham. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can labari ya riske shi, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa Madina. A wannan annoba Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi waɗannan tawakkali? Kakanninmu ma sun ga irin wannan a 1918, lokacin murar da suka kira marisuwa, wadda masana tarihi suka ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya.

Abin da kowa zai yi daga yau

1. Sa takunkumi ya rufe hanci da baki a kasuwa, tasha, banki, masallaci da cikin mota. Na atamfa mai ninki biyu ko uku ya wadatar, a wanke shi kullum. Wanda aka sauke a haɓa ba ya kare kowa.

2. A jingine musafaha da runguma. Sallama da baki ta isa. A bar tazarar mita biyu inda hali ya yi, a buɗe tagogi, taro a fili ya fi taro a ɗaki.

3. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin shiga gida, kafin cin abinci, bayan riƙe kuɗi. A ajiye buta da sabulu a zaure.

4. A tsare dattawa. Wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, ƙoda ko fuka, ya rage fita, ya ci gaba da shan maganinsa, kada ya bari ya yanke. Wanda ya dawo daga tafiya ya gaishe su daga nesa na mako biyu.

5. Mai zazzaɓi da tari ya keɓe a ɗaki ɗaya, da kwanonsa da butarsa. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, da takunkumi. Kada ya je jam'i, kada a yi masa tururuwar dubiya. A kira jami'an lafiya a nemi gwaji.

6. In numfashi ya fara wuya, ko ƙirji ya ɗaure, ko mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya huta, ko ya fara ruɗewa, a tafi asibiti a wannan sa'ar. Cutar takan juya ne a mako na biyu, bayan an zaci an samu sauƙi. Wanda aka kai da wuri ɗan oksijin yakan ishe shi. Wanda aka kai yana gargara, sau da yawa likita ba shi da abin yi.

7. A faɗa wa likita gaskiya tun daga ƙofa: inda aka je, wanda aka yi jinya, wanda ya rasu a gida. Ɓoye wannan shi ke kwantar da ma'aikatan ɗaki guda, a rufe sashen, na bayanka ya rasa mai duba shi. Korona ba abin kunya ba ce, kuma wanda ya warke ya warke, kada a guje shi.

8. Kada a haɗa wa kai magani a kemis. A watan Maris na 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirki kulorokwin. Dezametazon da masu bincike a Ingila suka sanar a tsakiyar Yuni yana taimakon wanda ke kan oksijin ne a hannun likita. Mai ƙaramin ciwo ba ya amfana da shi, kuma yana tayar da sukari. A tuna wankan gishirin lokacin Ebola a 2014: saƙon waya ne ya kawo shi, kuma sai da ya ci rai.

9. A taƙaita zaman makoki, biki da suna. A yi wa mamaci sutura bisa shawarar jami'an lafiya, a sallace shi da mutane kaɗan, sauran su yi ta'aziyya ta waya. Ciwon da ya ɗauki mamaci yana iya kasancewa a jikin waɗanda suka yi jinyarsa, su ne kuma ake layin gaisarwa.

10. Saƙon WhatsApp da ba ka san asalinsa ba, ya tsaya a wayarka.

Kira ga masu iko da masu faɗa a ji

Gwamnoni da kwamishinonin lafiya, jama'a ba za su yarda da ku don kun yi musu tsawa ba. Ku wallafa abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Ku biya ma'aikatan lafiya haƙƙinsu, ku wadata su da kayan kariya har asibitin karkara. Ku sa kuɗi a oksijin da wutar da za ta riƙe shi. Ku ciyar da wanda kuka killace, ku ba shi sakamakonsa a kan lokaci. Ku hana a kori mara lafiya daga ƙofar asibiti ba tare da an duba shi ba. Dokar da kuka sa wa talaka ku fara bin ta a taronku.

Malamai da limamai, kalma ɗaya daga mumbari ta fi sanarwa ɗari ta ma'aikata. Wanda ya taɓa ce wa mabiyansa babu korona, ya dubi abin da ya faru ya gyara maganarsa a inda ya yi ta. Hakimai, dagatai da masu unguwanni, ku riƙa lura da yawan jana'iza a yankunanku, ku kai rahoto da wuri. Shugabannin kasuwa da na direbobi, ku hana lodin wuce kima, ku ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Waɗanda suka kwanta suka warke, ku fito ku ba da labari, domin maƙwabcinku zai fi yarda da ku.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai ka yarda da gwamna ko minista kafin ka sa takunkumi ba. Ka sa shi don mahaifiyarka, don malaminka, don likitan da za ka buƙata gobe. Ka isar da wannan gargaɗi ga mutanen gidanka yau. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye mana wannan annoba. Amin.